Yadda Na Gasa Katin Abokina

Shekarun baya, tun gemuna yana da sauran baƙi a gefe da gefe, na taɓa yin wani aiki da har yau in na tuna sai na gyara zama. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba ina yi muku faɗa a kan riƙon amana. To yau ku matso kusa, mai faɗan ne da kansa zai tsaya gaban alƙali.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne. Muna zaune a unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa, ni da matata, cikin wani tsohon gidan haya mai ɗaki biyu kusa da jami'a, maƙwabta duk ɗalibai masu keke da gajeren wando. Ina aiki a wani sito na kujeru da gadaje, ɗauko nan ajiye can. Karatuna kuwa kun sani, a aji biyar na firamare na yi sallama da malamai, kowa ya huta. Turancina na sito ne, yana ɗaukar kaya amma ba ya hawa bene.

Ina da aboki guda, Badamagare, ni kuma Bakano. Wanda ya san tsakanin Kano da Damagaram ba sai na yi masa bayani ba, wasa ne da muka gada tun kaka da kakanni. Bai taɓa ce min Alhaji ba, duk da na sauke farali da gumina. In ya zo gidana tun daga bakin ƙofa yake farawa: "Ina bawan nan nawa? Hajiya, kin ba shi abinci kuwa, ko yau ma ya sayar da rabonsa?" Ni kuma in ce masa baƙauyen da bai taɓa ganin kwalta ba sai da ya hau jirgi. Haka muke shekara shida. Akwai Hausawa a garin, ana haɗuwa a masallaci, ana haɗuwa wajen suna, amma mutumin da zan zauna da shi in cire hula in miƙe ƙafa shi kaɗai ne.

Shi ya jawo ni harkar katin besbol. Besbol ƙwallon mutanen nan ce, wani ya jefo, wani ya doka da kulki, sai ka ga ƙarti sun ruga a guje. Har yau ban gama gane wa ke bin wa ba. Abokina yana tsaron kanta a wani gidan mai a hanyar McLeansville, kuma a kan kantar ake sayar da katin, cikin ɗan fakiti mai ƙyalli kamar na biskit. Zaman kanta da tsawo. Wata rana ya sayi guda ya yage don ya ga abin da manyan mutane masu iyali suke rawar jiki a kai. Shi ke nan ya faɗa, ya kuma riƙo rigata muka faɗa tare.

Kowane fakiti akwai kati kamar takwas ko goma, gaba hoton ɗan wasa, baya ƙananan lambobi irin na takardar gwajin jini. Yawancinsu gama-gari ne, kowa yana da su. Amma jefi-jefi akan ɓoye na musamman a ciki, wanda ɗan wasan ya sa wa hannu da alƙalaminsa, ko wanda aka manna wa ƙyallen rigarsa. Ba ka sanin abin da ka saya sai ka yage.

Matata ta ce caca ce. Na ce mata a caca hannu wofi ake tashi, mu kuwa ko an yi rashin sa'a muna tashi da hoton ƙato da hularsa. Ta ce, "Allah ya shirya," ta koma kicin.

Kowace Asabar bayan La'asar yake zuwa da fakiti huɗu, biyu nasa biyu nawa. Ni ke dafa shayi, amma an haramta wa shayin hawa tebur. Sai ya shimfiɗa tawul mai tsabta, ya wanke hannu kamar likitan da zai shiga tiyata, ya bi ɗinkin fakitin ta baya ya buɗe a hankali. Kati a gefe yake riƙe shi, da yatsa biyu. Ni kuwa da haƙori nake yage nawa kamar ƙullin gyaɗa.

"Kai, Bakano! Kusurwa! Za ka lanƙwasa kusurwa!"

"Kusurwar gadonka ce?"

"Bon," ya ce da Faransancinsu, "ci gaba. Dama jaki ko an kai shi Makka jaki zai dawo."

Wata Asabar a farkon zafi ya buɗe fakitinsa na biyu, sai na ji shiru. Mutumin da bakinsa ba ya hutu. Na ɗaga kai na ga yana riƙe da wani kati mai kauri, gefensa ruwan zinare, hoton wani matashi da ya fara tashe a shekarar. A ƙasan hoton ga sa hannu da shuɗiyar tawada. Ya juya bayan ya nuna min wata lamba da aka buga: na bakwai cikin ashirin da biyar.

"Ashirin da biyar a ina?"

"A duniya, bawana. A duniya kaf."

Shekara huɗu yana yage fakiti bai taɓa samun ko ƙanin wannan ba. Ya zura shi cikin wata 'yar leda mai laushi, sannan ya zura ledar cikin wani gida na roba mai tauri, garai-garai, mai baki a sama. Ranar har shayinsa ya huce bai sha ba.

Bayan kamar kwana goma aka yi masa waya daga gida, tsohuwarsa ba lafiya. Iyalinsa dama suna can. A nan shi da wasu ƙarti uku suke haya ɗaya, irin mutanen da duk abin da suka ga ya kwanta a tebur sai su ɗora masa kofi. Ana gobe zai tashi ya zo da dogon kwalinsa na kati ya ajiye a gabana.

"Ga amana. Babban yana sama. Inda ba ruwa, inda ba zafi. Wata biyu zan yi in Allah ya yarda."

Na ce ya tafi da zuciya ɗaya, kayansa sun shigo hannun 'yan birni.

A nan sai na yi muku ɗan bayani, don yaran da aka haifa a ƙasar nan ba za su gane ba. A gida, takarda mai muhimmanci ba ta kwana tsirara. Gara ta cinye wa mahaifina takardar gona ina kallo, ya yi shekaru yana rantse-rantse a gaban dagaci. 'Yar takardar sakamakon aji biyar da nake taƙama da ita yoyon damina ɗaya ya mai da ita kunu. Shi ya sa duk wanda ya san ciwon kansa yake kai takardarsa a yi mata laminetin, wato a sa ta tsakanin leda biyu a tura cikin na'ura mai zafi, ta fito a manne gam. Ruwa ba ya shiga, gara kuma ta karya haƙori. A wurinmu laminetin girmamawa ce. Ba kowace takarda ake yi wa ba, sai wadda ta isa.

Ni kuwa Allah ya ba ni na'urar tawa ta kaina. A Pleasant Garden na same ta, wata tsohuwa ta baje kayan gidanta a ƙofar gareji tana sayarwa. Tun daga ranar na zama mai laminetin na Hausawan garin. Takardar haihuwa, shaidar aure, jadawalin sallah, hoton jikoki, duk a kawo wa Alhaji, kyauta. Har lambar wayar makanikenmu sai da na gasa na maƙala a jikin firij.

To ana tsakiyar zafin nan aka yi wani ruwa da iska irin na garin nan. Da safe na buɗe kabad ɗin da na sa kwalin na tarar rufi ya yi yoyo, gefen kwalin ya jiƙe. Na fito da komai na duba, alhamdulillahi ruwan bai kai ga kati ko ɗaya ba. Amma da na ɗauko babban, na ɗaga shi ga haske, sai idona ya tsaya a kan bakin robar nan da ke buɗe a sama. Iska na shiga, danshi na shiga, kyankyaso ma in ya rage ciki zai shiga. Na ce a raina, ka ga baƙauye, ya yi rabin aiki ya tafi.

Na jona na'ura. Matata ta fito da tsintsiya ta tsaya.

"Alhaji, me za ka gasa da sassafe?"

"Amana zan killace."

"Ka tambaye shi?"

"Mutum yana jinyar uwa zan tsare shi da maganar leda?"

"Ai shekaranjiya ma kun yi waya, ina ji kuna zagin juna har katin wayar ya ƙare."

"To in na faɗa masa, ina mamakin da zai yi in ya dawo?"

Ta ce, "Ni dai kayan mutum kayan mutum ne," ta ci gaba da shararta.

Fitila ta koma kore. Na wanke hannu, don ni ma na koyi tsabtar aikin. Na zaro katin daga gidansa da yatsa biyu, a gefe, yadda aka koya min. Na daidaita shi a cikin leda mafi kauri da nake da ita, wadda nake ɓoyewa don shaidar aure. Na yi bismillah na tura. Ya fito da ɗumi, da 'yar iska ta maƙale a kusurwa ɗaya. Ni ba na son aikin ha'inci, sai na sake tura shi karo na biyu. Sannan na ɗauko almakashi na rage gefen, na zagaye kusurwoyin don kar su soki yatsa. Na lura shuɗiyar tawadar ta ɗan yi ƙiba, zinaren kuma ya ɗan dushe, amma na ce idona ne.

Don in kashe bakin matata, na ciko kwano da ruwa na tsoma shi a ciki, na tsamo na goge a riga.

"Kin gani? Ko a Kwara ya faɗa sai dai kifi ya gaji."

Ta ɗauki kwanon ta zubar da ruwan.

Akwai wani shagon kati a cikin gari da abokina yakan kai ni. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai tabarau rataye da igiya, sun saba da abokina sosai. Asabar ta zagayo ba abokin zama, sai na ce bari in je in sayi fakiti, in kuma nuna masa yadda ake adana kaya a inda aka san darajar takarda. Na zaro katin daga aljihun gaba, ba tsoron komai, na ajiye a kan gilashinsa har ya yi ƙara.

Ya sa tabarau. Ya cire. Ya jawo kujera ya zauna.

Da ɗan Turancina na gane tambayarsa: "Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Jikina ya ba ni. Na ce, "Wani dattijo ne a unguwarmu."

Ya ce dattijon nan a ƙwace masa na'ura. Sannan ya yi min bayani a hankali, yana nunawa da hannu kamar mai koya wa kurma. Wai kati darajarsa ya zauna yadda ya fito daga fakiti, ba ƙari ba ragi. Bakin robar da na ga a buɗe da gangan aka bar shi, don a iya zaro katin ba tare da wani abu ya manne masa ba. Yanzu leda ta narke ta shiga fuskar takardar, sun zama abu ɗaya. Ya ce abokina ya riga ya gaya masa in ya dawo za su aika katin wurin masu dubawa su ba shi maki, kuma yaron da ke jikin katin sai ƙara tashe yake, mutane suna ta zuwa tambaya.

"Yanzu fa?" na ce.

Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya ce yanzu zai yi kyau a ɗora masa kofi.

Na tambaya ko zan sami wani irinsa in saya. Ya ce saura ashirin da huɗu, suna hannun mutanen da bai sani ba, wasu ma ƙila suna cikin fakitin da ba a buɗe ba tukuna. Ko na samu ma, ba zai zama na bakwai ba, kuma abokina ya san lambarsa kamar sunan 'yarsa.

Na shiga bas na dawo gida. Saura sati biyar abokina ya sauka.

Ban zauna ba. Na ɗebo katunana na banza guda goma sha biyu na gasa su duka, don in koyi yadda ake ɓarewa. Na gwada reza. Na gwada tururin buta. Na gwada dutsen guga. Wani a wurin aiki ya ce in sa a firiza ya kwana, na sa kusa da kaji. Duk wanda na ɓare, fuskar ɗan wasan sai ta biyo ledar, ta bar min farar takarda mai gashi-gashi. Ƙarti goma sha biyu na fiɗe a teburin nan, ko ɗaya bai rayu ba.

Daga nan Shaiɗan ya zo da shawarwarinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ba shi kujera. Rufi ya yi yoyo, wannan gaskiya ne, mai gidan ma shaida ne. In na ce ruwa ya cinye katin na yar, wa zai musa? Na gwada maganar a gaban matata, a fakaice, kamar labarin wani.

Ta ajiye ludayi. "Alhaji, ruwa bai ci ba, kai ka ci. In ka ɗora wa ruwa, ranar da ya tambaye ni zan gaya masa har kwanon da ka tsoma shi."

Kun ji irin matan da ake aura.

Ni na ɗauko shi a filin jirgi. Ya yi baƙi ya rame, amma fuskarsa a sake, tsohuwa ta tashi har tana zuwa kasuwa. Tun a mota ya fara: wai ya bi ta Kano ya ga 'yan uwana suna sayar da ruwan sama a kwalba. Ya kawo wa matata dabino da turare, ni kuma hula, wai ya zaɓo ƙarama don ta dace da abin da ke cikin kan. Na yi dariya iya yadda zan iya.

Sai da ya ci ya ƙoshi na ɗauko kwalin. Katin kuma na riƙe shi a hannu, na zauna a ƙasa a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa komai, yoyon, na'urar, turawa biyu, almakashi, mai shago. Kwanon ruwan ne kawai na tsallake, matata ta cike min daga kicin.

Ya karɓa. Bai riƙe shi a gefe da yatsa biyu ba, a tafin hannu ya ɗora shi. Ya shafa wurin sa hannun da babban yatsa. Ya juya ya kalli lambar. Ina jira ya zage ni, ya zagi Kano da ganuwarta, na shirya har da kakannina zan ba shi kyauta.

Sai ya ce, "Ba komai, Alhaji. Na gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri."

Ya sa katin a aljihu, ya ɗauki kwalinsa, ya yi wa matata sallama. Na ce in kai shi gida, ya ce kar in wahala, zai kira ɗaya daga cikin abokan hayarsa.

Asabar ta zo na dafa shayi, ba kowa. Ta biyu ma haka. A masallacin Juma'a kuwa ba ya guduna, da ma gudun yake yi. Hannu biyu yake ba ni. "Alhaji, ina wuni? Ya iyali? Ya Hajiya? Ya aiki? Madalla, a gaida gida." Gaisuwa cikakkiya, ba inda za ka kama. Mutane har suna cewa ka ga dattawa sun girma sun daina shirme. Ni kuwa ban taɓa sanin ladabi yana da ciwo haka ba. In na dawo gida sai in zauna in yi ta kallon tebur.

Na tattara katunana duka na aika masa, washegari aka dawo min da su da saƙon godiya.

A sati na huɗu, ranar Talata, na tashi aiki da wuri na roƙi wani ya sauke ni a gidan man. Rana tsaka, ba ciniki sosai. Yana bayan kanta yana jera cingam.

"Alhaji, sannu da zuwa. Me za a kawo?"

"Zagi na zo saya."

"Ba ma sayarwa."

"Don Allah ka bar Alhajin nan. Ka faɗi abin da zan yi. In na'urar ce, yau zan kai ta bola."

Ya ci gaba da jera cingam har ya gama layin. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kati takarda ne. Na je na sami tsohuwata a kwance, na baro ta a tsaye, me zan ce wa Allah? Ya yi min ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma ba shi ya tsaya min ba."

"To mene ne?"

"Shekara huɗu ina abin nan a gabanka. Ina karanta littattafansa, ina tambayar masu shi. Kai ko fakiti ba ka iya buɗewa ba. Amma da ka ga bakin roba a buɗe, ba ka ce mutumin nan yana da dalili ba. Cewa ka yi bai iya ba. Sau uku muka yi waya, ba ka ga na isa a tambaye ni ba. Shekara shida kana ce min baƙauye ina dariya, na ɗauka wasa muke."

Bakina ya buɗe zai rantse cewa wasa ne. Rantsuwar tana kan harshe, ta saba fita. Sai na tuna abin da na faɗa a raina da safen nan, katin yana hannuna, ba kowa a wurin balle in ce don a yi dariya na faɗa.

Na ce, "Rabi wasa ne. Ɗaya rabin ban san yana nan ba sai ranar. Ka yafe min."

Wata mata ta shigo ta biya kuɗin mai, ta sayi lemo, ta tsaya neman canji a jaka kamar mai haƙar rijiya. Muna tsaye ni da shi, kowa na kallon wani wuri. Da ta fita ya ɗauki tsumma ya goge kantar da ba ta da datti.

"Bon," ya ce. "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce. Ni bawan da nake ce maka, babu wasa a ciki ko na sisi. Kakana ne ya sayi kakanka, kuma an cuce shi a cinikin."

Wallahi sai da na dafa kanta. Ban taɓa jin daɗin a ci mutuncin kakana irin na ranar ba.

"Asabar ka dafa shayi," ya ce. "Ka rage sukari, ba gidan biki ba ne. Yanzu fita, kana kore min masu ciniki da wannan fuskar."

Ba zan ce muku komai ya koma daidai a ranar ba. Ya zo Asabar ɗin, mun buɗe fakiti, amma an ɗauki watanni kafin dariyarsa ta dawo har ciki. Kalmar baƙauye kuwa ni da kaina na ajiye ta, na nemo wasu zagin, Allah bai hana ni ba. Mun ci gaba da yage fakiti shekaru bayan nan, bai sake samun irin wancan ba. Yaron da ke jikin katin ya zama babban ɗan wasa, duk lokacin da aka nuno shi a talabijin sai in tashi in je duba shayi.

Katin yana nan. Da sanyi ya shigo, wata safiya ya zo ɗaukata, ƙanƙara ta rufe gilashin motar. Ya buɗe aljihun mota ya miƙo min shi ya ce in fita in kankare. Na kankare tas, ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ce a gaskiya aikin Bakano akwai ƙwari.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kar ku zaci zan ɓarke da wa'azi. Da ina ɗauka mai cin amana shi ne wanda ya sayar ko ya ɓatar. Ban san akwai mai cin ta da bismillah da wanke hannu ba. In aka ba ka ajiya, ba a ce ka gyara ba, cewa aka yi ka mayar yadda aka ba ka. In kuma hannunka yana ƙaiƙayin gyara, ka duba da kyau, wani lokacin ba ƙauna ce take tura ka ba, ganin ka fi mai kayan wayo ne.

Bayan shekara biyu ya sake tafiya gida. Ya zo ana gobe zai tashi, ya ba ni makullin motarsa, ya ba ni makullin ɗakinsa, ya ce in riƙa karɓar masa wasiƙu. Kwalin kati yana hammatarsa. Na miƙa hannu, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Hajiya, ga amana. Inda ba ruwa, inda ba zafi, inda ba mijinki."

Gidan nan ɗaki biyu ne, na san kowane lungu nasa. Wata biyu kwalin yana ciki ban san inda yake ba, kuma ban nema ba.